Absolute Martian Manhunter: zai kai labari a kasuwa, ko ɗokin lamba ɗaya ne kawai?

Nura Zane: Salamu alaikum jama'a. Wa ya karanta littafin komik ɗin nan na kamfanin DC, Absolute Martian Manhunter lamba ɗaya? Na gama shi jiya da daddare, yau da safe na sake komawa farko, har yanzu kaina bai dawo daidai ba. Deniz Camp ne ya rubuta, Javier Rodríguez ya yi zane da launi. A nan John Jones, jarumin littafin, ba baƙon duniyar Mas ba ne da ya rikiɗa ya zama mutum kamar yadda aka saba. Mutum ne sak, jami'in FBI mai mata da ɗa, bam ya tashi da shi ya tsira, daga nan wani abu ya tare a cikin kansa, ya fara ganin tunanin mutane yana fita daga jikinsu kamar hayaƙi mai launi-launi. DC sun ce fitowa 6 kawai za a yi. Ni na ce ba zai tsaya a 6 ba. Ku rubuta ku ajiye.

Sadiq: Wa alaikumus salam. Mun rubuta. Amma Nura, kai ko wane sabon littafi ya fito sai ka ce kanka bai dawo daidai ba. Anya kan nan zai taɓa dawowa kuwa?

Abba K: Hahaha Yaya Sadiq ka rage mana hanya.

Sadiq: Ban ce littafin ba shi da kyau ba, na karanta, zanen ya isa. Maganar kasuwa nake yi. Jarumin nan tun 1955 yake, a Detective Comics lamba 225 ya fara fitowa, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar jarumai ta Justice League a 1960, amma shekara 70 ke nan bai taɓa riƙe littafin kansa ya daɗe ba. Mafi tsawo shi ne na John Ostrander da Tom Mandrake da ya fara a 1998, ya tsaya a lamba 36. Na 2015 fitowa 12 ya yi. Kowa yana son sa a cikin ƙungiya, ba mai son sa shi kaɗai. Shi ya sa ma tun farko aka ce 6. Su kansu masu kayan ba su yarda da shi ba.

Nura Zane: Ai wancan daban, wannan daban. Kalmar Absolute da ke saman bangon, wato sunan layin da DC ta sake fara labarin jarumanta daga tushe, ita kaɗai tana sayar da littafi yanzu. Absolute Batman na Scott Snyder da Nick Dragotta da ya fito a Oktoban 2024 shi ya fi kowane komik ciniki a shekarar, an sake buga shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wonder Woman da Superman na layin suka bi bayansa lafiya lau. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta, mu kuwa dama Laraba ce ranar fitowar littattafanmu.

Sadiq: Batman ko a bayan kwali ka zana shi zai sayu. Kada ka haɗa su.

Ummi: Ni dai tambaya gare ni, ku yi haƙuri da sabon shiga. Idan aka ce littafi ya sayar da kwafi kaza, wa ya ƙirga? A waya nake karantawa, ina biya, shin ana lissafawa da ni?

Hauwa M: Ummi kin yi tambayar da ta fi duk gardamar nan amfani. Bari in ɗan yi tsawo, don ina taya wani mai shagon komik aiki ranakun ƙarshen mako a nan Amurka, shekara ta huɗu ke nan, kuma ni nake shigar da oda a kwamfuta wani lokacin.

Yawancin alƙaluman da kuke gani ana yayatawa na lamba ɗaya, adadin da masu shaguna suka sara ne, ba adadin da masu karatu suka saya ba. Tsarin kuma tun farkon shekarun 1970 yake, lokacin da Phil Seuling ya fara shi: mai shago yana samun littafi a kusan rabin kuɗin da ke jikin bango, amma da sharaɗin ba ya mayar da abin da ya yi kwantai. Ya saya ya saya ke nan. To kamfani ya riga ya karɓi kuɗinsa tun kafin wani mai karatu ya buɗe shafin farko. Idan muka sari kwafi 60 muka sayar da 35, a takardar kamfani 60 aka sayar. Sauran 25 ɗin suna cikin dogon farin kwali a ɗakin baya, ni na san inda suke, don ni nake tuntuɓe da su.

Sannan ga inda abin ya fi wuya. Kundin sanarwar littattafai yana fitowa kamar wata biyu kafin littafin. Muna rubuta odar lamba 2 tun ba mu ga lamba ɗaya da idonmu ba. Akwai ranar rufe oda ta ƙarshe, kamar mako uku kafin fitowa, ita ce damar da ta rage mana mu ƙara ko mu rage. Saboda haka abin da ya faru a kantar shago cikin 'yan kwanakin farko, shi ke yanke wa lamba 2 hukunci. Mai shagonmu al'adarsa ce ya zabge lamba 2 sosai, ya sake ragewa a lamba 3, sai wajen lamba 4 ko 5 odarsa take daidaita da ainihin mutanen da ke zuwa ɗauka. Duk wanda yake son sanin ko littafi zai rayu, can zai duba.

Na waya kuma Ummi, kamfani ya san da ke, kuɗinki ya shiga, amma ba sa bayyana wannan adadin ga jama'a.

Ummi: Allah ya saka da alheri Anti Hauwa. Ashe mu fatalwowi ne a lissafin.

Nura Zane: To Anti, ba mu labarin kantarku mana. Nawa ya rage?

Hauwa M: Ya ƙare ranar Asabar kafin azahar. Amma kada ka yi tsalle tukuna, domin mai shagon da tsoro ya sara, bai kai rabin abin da ya sara na Batman ba. Ƙarewar kaya kaɗan ba ita ce kasuwa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne mutum tara suka ce a sa musu shi a jerin ajiyarsu na kowane wata, uku a cikinsu ban taɓa ganin sun ɗauki littafin DC ba. Wannan tara ɗin sun fi mini ɗari da za su sayi lamba ɗaya su ɓace.

Baba Tanimu: Salamu alaikum 'ya'yana. Tun ɗazu ina karantawa ina murmushi. Nura, ka tuna mini da kaina a 1991. Ina ɗalibi a lokacin, X-Men lamba ɗaya na Jim Lee da Chris Claremont ya fito da bango iri biyar. An sayar wa shaguna sama da kwafi miliyan 8, har yau ba wanda ya kamo shi. Na sayi duk biyar ɗin, biyu-biyu, na sa a leda da kwali a bayansu, ban ko buɗe su ba. A 1992 aka kashe Superman a lamba 75, aka sa shi cikin baƙar leda, na tsaya layi cikin sanyi na sayi uku. Lissafina shi ne da su zan yi kuɗin aure. Abin da ban yi tunani ba, abin da mutum miliyan suka ɓoye a leda ba zai taɓa yin tsada ba. Ba wanda ya cuce ni, kwaɗayina ne. Bayan shekara biyu zuwa uku kasuwar ta rufta, shaguna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, Marvel kanta ta shiga kotun karayar arziki a Disambar 1996. Littattafan suna nan a akwati, jikokina suna wasa da su. Shi kuwa Jim Lee ɗin yau shi ne shugaban DC, wato mai gidan wannan littafin da kuke gardama a kai.

Abba K: Baba to da me aka yi auren daga ƙarshe?

Baba Tanimu: Da albashi, ɗan nema. Kamar kowa.

Nura Zane: Baba Allah ya ƙara girma, amma zamanin ya canja. Wanda ya sayi wannan littafin don ya karanta ya saya. Ba wanda zai sa Martian Manhunter a leda yana jiran ya zama Action Comics lamba ɗaya, inda Superman ya fara fitowa, da aka yi gwanjonsa dala miliyan 6 a 2024.

Hauwa M: Nura, da ka tsaya a bayan kanta rana ɗaya da ba ka faɗi haka ba. Suna nan daram. Akwai wani bawan Allah da ke zuwa duk ranar da lamba ɗaya ta fito, ya ɗaga kwafi sama yana duba kusurwoyinsa a hasken fitila kamar mai sayen zinare, ya zaɓi uku, ba za mu sake ganinsa ba sai wata lamba ɗayan. Kuma ga maganar bangon musamman. Sai a ce wa mai shago in ka sari kwafi 25 za ka iya samun guda ɗaya mai wani bango daban. Littafin dala 4.99 ne, mu a wajen dala biyu da rabi muke samunsa, ka ga 25 ya haura dala 60. Idan akwai kwastoman da zai biya dala 40 ko 50 a kan wannan bango ɗaya, sai mai shago ya rufe ido ya cike 25 ɗin ko da 15 yake buƙata. Goma sun tafi ɗakin baya, alƙaluma kuma sun kumbura. Star Wars lamba ɗaya na Marvel a 2015 ya kai wajen miliyan ɗaya, amma da bangwaye gommai, da kuma wani kamfanin aika akwatin kaya ga masu rajista da ya sari tuli. Ba mutum miliyan ɗaya ne suka shiga shago ba.

Sadiq: Na gode Anti. Abin da nake ta faɗa ke nan tun ɗazu. Ku tuna New 52 a Satumbar 2011, lokacin da DC ta sake fara littattafai 52 duk daga lamba ɗaya, kowa yana cewa DC ta farfaɗo. Kafin a shekara an soke guda shida a lamba 8, har da Static Shock da Mister Terrific da O.M.A.C. Manyan suka rayu, ƙananan suka tafi. A layin Absolute ma haka za a yi. A 2025 sun zama shida da Flash da Green Lantern. Dala biyar sau shida, dala 30 duk wata. Idan aljihu ya fara kuka wa za a fara yankewa? Ba Batman ba dai.

Abba K: Ni fa duk wannan lissafin naku na tsofaffi ne, ku yi haƙuri. Dala biyar a kan shafi ashirin da 'yan kai, minti goma ka gama, sai ka jira wata guda. Manga, wato komik ɗin Japan, shafi kusan 200 dala goma zuwa sha biyu, ka fara daga juzu'i na ɗaya, marubuci ɗaya, ba sai wani ya zauna ya ba ka tarihin shekara 70 ba. Abokaina ba wanda ke sayen komik na wata-wata. Ko ɗaya.

Nura Zane: Ai shi ya sa aka yi Absolute ɗin, Abba. Ba ka buƙatar sanin komai. Ka buɗe lamba ɗaya ka fara.

Abba K: To zan jira a haɗa shi littafi guda.

Sadiq: Ka ji ko? Da irinsu Abba ake kashe littafi. Kowa ya ce zai jira dunƙulalle, na wata-wata ya faɗi, a soke shi, dunƙulallen ya fito rabi.

Hauwa M: A nan kuma ba na tare da kai Sadiq. Wannan maganar ta yi aiki shekara 20 da suka wuce, yanzu da sauƙi. Akwai littattafan da a shagon komik ba su taɓuka abin kirki ba amma suka rayu ta wata ƙofar. Moon Girl and Devil Dinosaur ya yi fitowa 47 daga 2015 zuwa 2019 alhali kullum yana can ƙasan jeri, dunƙulallensa ne ke tafiya a wajen yara 'yan makaranta. Ms. Marvel ta Kamala Khan a 2014 mutane da yawa sun ɗauka ba za ta kai ko'ina ba, lamba ɗaya aka yi ta sake bugawa, juzu'in farko ya ci kyautar Hugo a 2015.

Kuma ni a ganina kuna auna wannan littafin da mudun da ba nasa ba. Ba ɗan'uwan Batman ba ne. Danginsa su ne The Vision na Tom King da Gabriel Hernandez Walta, da Mister Miracle na King da Mitch Gerads, da Hawkeye na Matt Fraction da David Aja. Jarumi na gefe, marubuci mai abin faɗa, mai zane da aka sakar wa mara. Biyun farko fitowa 12-12 suka yi suka tsaya, sun ci kyautar Eisner, kuma har gobe duk wata sai mun sake sarin dunƙulallensu. Wanda ya zo na ɗaya a watan da suka fito, yau ko sunansa ba na tunawa. In har wannan ya ƙare da kyau, shekara goma nan gaba yana kan kanta. Wannan ma ai ciniki ne, sai dai ba ya zuwa da ganga.

Baba Tanimu: 'Yata Hauwa ta gama magana. Watchmen ma fitowa 12 ne, 1986 zuwa 1987, kuma ba a taɓa daina buga shi ba.

Sadiq: Baba da girmanka, kada mu kai yaron nan inda bai kai ba. Fitowa ɗaya fa aka yi. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Mustafa: Ni ban gane wahalar da kuke ba kanku ba. Ranar da ya fito da yamma na same shi kyauta a intanet. Duk wanda yake so ya yi mini magana ta gefe.

Jamilu (mai kula da zaure): Mustafa, dokar zauren nan ta uku. Ba a raba irin wannan a nan, ta gefe ko ta tsakiya. Wannan gargaɗi ne.

Mustafa: Afuwan shugaba. Amma a gaskiya ba kowa ke da dala biyar ba.

Ummi: Wannan gaskiya ne, ba kowa ba. Amma kai da bakinka ka ce mana ka sayi sabuwar na'urar wasa watan jiya.

Mustafa: Ummi ba da ke nake ba.

Nura Zane: Kai ma ka cuci kanka Mustafa, don akwai abin da ba za ka gani a allo ba. Wanda bai karanta ba ya tsallake wannan. A ƙarshen littafin akwai shafin da aka ce ka ɗaga shi sama ka sa haske a bayansa. Na ɗauka wasa ne. Na ɗaga shi saitin taga, sai zanen da ke gaban takardar da na bayanta suka haɗu suka zama hoto ɗaya, John da abin da ke cikin kansa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na kira ƙanwata na nuna mata, ita da ba ta damu da komik ba ta karɓe littafin, sai da na bi ta ɗaki na ƙwato. Irin wannan ne ke sa mutum ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani. Shi nake nufi da zai ba da mamaki.

Hauwa M: Ranar Laraban ai shagon ya zama abin dariya, manya da gemunsu sun yi layi a bakin ƙofar gilashi kowa ya ɗaga littafi sama.

Sadiq: Dabara ce mai kyau, na yarda. Amma dabara sau ɗaya take ci. Kuma gardamar nan ma ba mu da alƙalin da zai raba ta. Da can kamfanin Diamond ne kaɗai ke rarraba wa shaguna kusan komai, duk wata a fitar da jeri, masu lissafi irin su Comichron su fitar da adadi. DC ta bar su a 2020, Marvel ta koma Penguin Random House a 2021, Image ta koma Lunar a 2023, a Janairun 2025 Diamond ɗin ya shiga kotun karayar arziki. Yanzu abin da muke da shi jerin shafin intanet na ICv2 ne, daga na'urar ciniki ta shaguna ɗari da 'yan kai, kuma matsayi kawai yake nunawa, wane na ɗaya wane na goma. Sauran sai abin da kamfani ya ga dama ya faɗa, kuma ba ya faɗa sai in labarin mai daɗi ne.

Hauwa M: Amma ka lura, wancan jerin na ICv2 abin da mutane suka biya a kanta yake ƙirgawa, ba abin da muka sara ba. Ƙarami ne, amma ta wannan fuskar ya fi na da gaskiya.

Nura Zane: JAMA'A! Sadiq kana ina? Fito. An ƙara shi daga 6 zuwa 12. Na ce ku rubuta ku ajiye, ko ban ce ba?

Abba K: Yaya Sadiq ana sallama.

Sadiq: Ina nan, ban gudu ba. Ka ci wannan, bai tsaya a 6 ba. Amma me ƙarin ya nuna? Ya nuna odar masu shaguna ta yi wa DC daɗi. Odar lamba ɗaya da ta biyu. Abin da Anti Hauwa ta gama yi mana bayani ke nan, cewa wannan ba masu karatu ba ne tukuna. Kuma ƙari ko ragi duk a bakin kamfani yake. Omega Men na 2015 an ce za a tsayar da shi a lamba 7, masoya suka yi ca, aka bar shi ya kai 12. Yadda ake ƙarawa haka ake yankewa. Da sauran rina a kaba.

Nura Zane: Kai dai ba za ka taɓa cewa ka faɗi ba.

Sadiq: To mu yi haka. Ranar da lamba 5 ta fito, Anti Hauwa ta gaya mana mutum nawa suka rage a cikin taran nan nata. In sun kai bakwai, ni zan saya maka dunƙulallen in ya fito, mai kauri ma. In ba su kai ba, ka canja hoton fuskarka a zauren nan zuwa farin kwalin ɗakin baya, wata guda cur.

Nura Zane: Na yarda. Baba shaida ne.

Baba Tanimu: Na shaida. Amma Hauwa kada ki bari Nura ya riƙa kiran mutanen nan a waya yana roƙonsu.

Hauwa M: Ba shi da lambarsu Baba. Sai dai ku sani, tun jiya sun zama sha ɗaya, ɗaya kuma a cikin taran farko wata biyu ke nan bai zo ya kwashi ajiyarsa ba, na kira shi sau uku wayar tana ta ringin. Ku fara yanke shawara ko shi ma ana ƙirgawa da shi.

Sadiq: Wanda bai biya ba ba ya cikin lissafi.

Nura Zane: Ya rubuta sunansa, yana ciki.

Jamilu (mai kula da zaure): Ku je ku sasanta wannan ta gefe. Na maƙala sharaɗin a sama.

Ummi: Nura don Allah shafin nan na haske, lamba nawa ne? Tun ɗazu nake ɗaga wayata saitin taga, ba abin da nake gani sai fuskata.